In wata annoba ta sake zuwa, wa zai miƙa damtse?

Mushen Lakkol: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi. Jiya ina neman takardar haihuwar ƙaramin ɗana cikin akwati sai na ci karo da karnen allurar korona da anka yi mani a 2021. Ya yi ja da ƙura, hatimin ma ya fara gogewa. Na zauna ina kallonsa ina dariya ni kaɗai, don na tuna ranar da na komo gida da auduga a damtse, uwargida ta hana ni ɗaukar jaririnmu har kwana uku, wai kar in shafa mishi. A lakkol ɗinmu malamai goma sha ɗaya ne mu, uku kaɗai munka yi. Shi ne na ce bari in tambaye ku tsakani da Allah: in gobe wata annoba ta ɓullo, Allah shi kiyaye, anka ce ga allura, wa zai miƙa hannu? Kar kowa shi ba ni amsar rediyo.

Ɗan Kabu-kabu: Wa alaikumus salam Mushe. Ni ban yi ba, kuma ga ni nan ina ta zagaya gari. In ta sake zuwa ma amsar ke nan.

Alhajin Kanti: Ni na yi, amma kar a tambaye ni dalili.

Ɗan Kabu-kabu: Alhaji ai mun san dalili, jirgin Makka ne 😂

Uwar Biyu: Ina kwananku. Mushe, tambayarka ta haɗa abu biyu wuri guda. Ɗiyana babu wanda ban kai awo ba. Tun ta ranar haihuwa mai barin tabo a hannu har ta ƙyanda ta wata tara, duk an yi musu, karnensu yana nan cike. Amma ta korona na ƙi, kuma ban ji kunya ba. Ƙyanda na san ta. Na ga yadda ta shiga gidan kawuna a ƙauye wajen Gidan Rumji ta ɗauki yara biyu cikin sati guda, na uku ta bar shi da ido ɗaya. Sanƙarau na san shi. Korona kuwa a waya na gan ta. Ban taɓa zuwa gaisuwar wanda anka ce ita ta kashe shi ba. To in miƙa jikina don ciwon da ban gani ba?

Direban Jibiya: Hajiya, ke ce ba ki gani ba. Ni a watan azumin 2020 iyaka tana rufe, amma waya ba a rufe take ba. Abokan aikina na Kano kullum sai sun kira: wane ya rasu, wane ya rasu, duk dattawa. Masu haƙan kabari da kansu sunka ce ba su taɓa ganin haka ba. Daga baya ministan lafiya na Najeriya ya fito ya ce cikin mutum 979 da sunka rasu a Kano a lokacin, rabi ko fiye da rabi ana ganin korona ce. Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Buhari, ita ta kashe shi. Mu nan Nijar ma ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a watan Mayu na 2020 ya rasu da ita. Ciwon gaskiya ne.

Ɗan Kabu-kabu: Ka gani ko? Minista, shugaban ma'aikata. Ciwon masu hawa jirgi ne. Mu da rana ke gasawa tun safe har magariba ina ta gan mu?

Ɗalibar Jami'a: Yaya, dattawan Kano da direba ya ambata ba ministoci ba ne. Amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarka ta wani gefe. Abin da aka ƙidaya a hukumance a Nijar duka bai kai mutum dubu goma da suka kamu ba, waɗanda suka rasu ɗari uku da 'yan kai. Gwaji kaɗan aka yi, wannan gaskiya ne, don haka adadin ya fi haka. Sai dai kuma rabin mutanen ƙasar nan yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, ita kuwa cutar tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. Shi ya sa ba mu ga abin da Italiya ta gani ba. Zazzaɓin cizon sauro kuwa kowace damina dubbai yake kashewa. Mutum yana auna abu da abin da ya binne.

Majo Mai Ritaya: Salamu alaikum. Na karanta duka, bari tsoho shi sa baki.

Masu cewa mutanenmu ba su son allura ba su san mutanenmu ba. Bahaushe in ya zo likita ka ba shi ƙwaya ba ka yi mishi allura ba, gani yake ba ka duba shi ba. Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, faɗan da na fi yi shi ne na hana mutane allurar da ba su buƙata.

A 1995 ina ƙaramin ma'aikaci a wani ƙauye arewa da nan lokacin da sanƙarau ya faɗo ma ƙasar ga. Fiye da mutum dubu arba'in sunka kamu a shekarar. Ɗakin kwanciya ya cika, munka kafa rumfar zana, ita ma ta cika, sauran ƙarƙashin bedi. Za ka ga yaro an kawo shi bisa amalanke, wuya ya sandare ya lanƙwashe baya, uwa tana riƙe da kai kamar tulu. Wanda ya zo da safe wani kafin la'asar an rufe shi. Ranar da motar rigakafi ta iso ba mu yi shela ba. Ƙurar motar kaɗai mutane sunka hango. Kafin mu sauke akwatunan ƙanƙara layi ya kai bakin rijiya, Fulani sun baro rugage, mata da goyo, sai da maigari ya sa dogarai da bulala don a bi layi. Babu wanda ya tambaye ni wace ƙasa ta yi ta, babu wanda ya ce hana haihuwa ce. Haka a 2015 da wani nau'in sanƙarau ya ɓarke, har anka rufe makarantun Yamai, mutane da kuɗinsu sunka riƙa bin farmasi suna neman allura.

To mutanen nan ne dai, su da ɗiyansu, a 2021 na ga ana roƙonsu suna zillewa. Ba su canza ba. Abin da ke gabansu ne ya canza.

Uwar Biyu: Allah shi saka da alheri Baba Majo. Abin da nake son faɗi ke nan ban iya ba.

Ɗan Kabu-kabu: Baba, da girmanka, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ba a 1995 ɗin nan ba ne anka yi ma mutane allurar jabu?

Majo Mai Ritaya: An yi, ɗana. Ba ni ɓoyewa. Cikin taimakon da ya shigo daga maƙwabta an samu kwalabe na jabu, ruwa ne kawai babu magani, kuma mutum fiye da dubu hamsin anka yi ma ita kafin a gane. A 2015 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da ke yawo a Nijar. Amma ka lura da abu guda: ɓarawo ba shi yin jabun abin da ba a so. Don ana rububinta ne anka yi jabunta. Kuma waɗanda jabun ta cuta, rashin ta gaskiya ne ya cuce su.

Malam na Limanci: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni inda nake ganin an ɓata lamarin tun kafin allura ta zo ne. A ƙarshen Maris 2020 anka wayi gari an ce a rufe masallatai, babu jam'i, babu Juma'a. Kasuwa kuwa tana ci. Mutum shi fito daga babbar kasuwa inda kafaɗa ke gugar kafaɗa, shi zo ƙofar masallaci shi tarar da kwaɗo. Mi kake so shi fahimta? A Mirya da Yamai har ƙone-ƙone anka yi. Sai 13 ga Mayu anka buɗe, azumi ya riga ya yi nisa. Wannan ciwon bai warke ba aka zo bayan shekara guda ana cewa malamai ku taimaka ku gaya ma mutane su karɓi allura. Wanda ba a shawarce shi ranar rufewa ba, shi ake nema ranar roƙo.

A addini kuwa babu wata hayaniya. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke can, ya juya da jama'arsa. Anka ce mishi gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Neman kariya ba ya kore tawakkali. Na faɗi haka a wa'azi a lokacin, wani ya tare ni bayan salla ya ce nawa anka ba ni. Wallahi ko dala ban gani ba.

Alhajin Kanti: Tunda Ɗan Kabu-kabu ya tona ni, bari in ƙarasa tona kaina. Ni ne nan a bakin kantina nake ce ma mutane duk wanda ya yi allurar nan bayan shekara biyu sai dai wani ba shi ba. A waya na ji, na ɗauka na yi ta rabawa kamar goro. To 2020 ba a je hajji ba daga waje, 2021 ma sai mazauna Saudiya kaɗai. Da anka buɗe a 2022 sai ga sharaɗi: sai mai ƙasa da shekara 65, kuma sai da allurar korona. Ni kuwa na riga na zuba kuɗina, shekaruna 63. In na tsaya taurin kai, wa ya san ko zan ga wata? Da sassafe na tahi, na ja hula har gira don kar a gane ni. Ina shiga sai ga layi, rabinsu waɗanda muke zagin allurar tare ne a majalisa. Kowa ya sunkuyar da kai, babu mai gaida wani. Wani abokina ya matso ya ce mani a kunne, Alhaji kai ma ciwon kai ya kawo ka? Na ce ƙwarai.

Shekara biyun ta wuce, ga ni ina cin tuwo.

Mushen Lakkol: 😂😂 Alhaji ka kashe ni. Amma ka ga abin mamaki, shekara da shekaru maniyyata na karɓar ta sanƙarau da ta shawara kafin su tashi, ban taɓa jin wanda ya ce a'a ba.

Ɗan Kabu-kabu: Wannan ba yarda ba ce, tilas ce. A rufe ma mutum hanya a ce ya yarda?

Direban Jibiya: Nan kam ina bayanka. Kuma tilas ɗin ma ba allura ta sa anka yi ba, takarda ta sa anka saya. Na san direbobi da 'yan kasuwa da yawa masu karne a aljihu, allura ba ta taɓa jikinsu ba. Ka ba wani jika biyu ko uku, gobe a miƙo maka da hatimi da komai. Ba zan faɗi wuri ba. Su kuma can sama suna ƙidaya karne suna cewa mutum kaza sun yi.

Wani Baƙo: [saƙon murya da aka turo, minti 7] Ku saurara ku ji abin da wani babban likitan Turai ya tona.

Admin: Na goge. Dokar zauren nan ba a turo muryar da ba a san mai ita ba. Mai magana shi yi da bakinsa.

Ɗalibar Jami'a: Na gode Admin. Amma ina so a yi wa masu tsoro adalci, don ba daga sama tsoron ya faɗo ba. A 1996 lokacin sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a gwajin da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Magani ne ba rigakafi ba, amma wa zai tsaya bambancewa? Kano kuwa nan ce bayan gida, duk abin da aka faɗa a can da safe kafin dare ya iso tashar Maradi.

Sai kuma Afrilu 2020, wasu likitoci biyu a gidan talabijin na Faransa suna hira suka ce me zai hana a gwada wata allurar rigakafi a Afirka, inda babu takunkumi babu magani. Har shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya Tedros ya fito ya ce wannan tunanin mulkin mallaka ne. Wannan bidiyon babu wayar da bai shiga ba a garin nan. Kafin shi a 2017 Macron ya yi maganar ƙasashen da mace ke haihuwar bakwai zuwa takwas. Kowa ya san da wa yake, kuma jihar Maradi na cikin na gaba a haihuwa a ƙasar. To ka haɗa waɗannan uku, sannan ka zo wa mutum da allura kyauta daga waje. Ba sai an biya kowa ya ƙirƙiri jita-jita ba.

Ɗan Kabu-kabu: Yawwa ƙanwata! Karatunki ya yi amfani.

Ɗalibar Jami'a: Tsaya yaya, ban gama ba. Tsoron nan shi ma yana da nasa gawarwakin. A 2003 Kano da wasu jihohin arewa suka dakatar da ɗigon shan inna, aka ce akwai maganin hana haihuwa ciki. Kusan shekara guda ba a yi ba, sai a Yuli 2004 gwamna Shekarau ya yarda bayan an kawo wanda aka yi a Indunusiya. Sanadiyyar haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin, mu da ke bakin iyaka muna cikin waɗanda suka sha. Ka duba masu keken guragu 'yan shekara ashirin da 'yan kai a bakin kasuwa, ka yi lissafi. Kuma ɗigon nan da aka ce yana hana haihuwa, 'yan matan da aka ɗiga wa a lokacin su ne yau ke cika ɗakin haihuwa.

Mushen Lakkol: Ni dai shaida ne, tun bayan allurar korona an yi mani suna biyu a gida. In hana haihuwa ce to tawa jabu anka yi mani.

Uwar Biyu: Mushe Allah shi raya 😂 Ka gaida Madam, ita ta san wahalar.

'Yar Rigakafi: Ina wuninku. Tun ɗazu nake karantawa ina tsakar aiki. Ni ce mai yawo gida-gida da kula a kafaɗa, mai shafa ma yara baƙi a ɗan yatsa, mai rubutu da alli a ƙofa. Shekara tara ke nan. Bari in ba ku labarin gida ɗaya, don har yau yana raina.

Wata unguwa ce can bakin gulbi. Mun yi sallama, maigidan ya fito da kansa, dattijo mai natsuwa, bai ɗaga murya ba. Ya sa anka kawo muna tabarma da ruwa. Sannan ya ce, ɗiyata, zan tambaye ki abu guda, in kin amsa ki shiga ki yi ma duk wanda kike so. Ya ce da damina ɗansa ɗan shekara huɗu ya yi zazzaɓi har yana sanƙamewa. Ya ɗauke shi cikin dare ya kai likita. An ce mishi yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, haka doka ta ce tun 2006, amma maganin ya ƙare, ga takarda shi tahi farmasi. Kuɗin ya kama jika huɗu da wani abu. Bai da su. Kafin gari shi waye shi sayar da akuya shi komo, yaron ya cika. Ya ce, ranar nan babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Yau ga ku har gida, ku uku, da mota, da abu kyauta, don ciwon da ban taɓa gani ba. Mi ya sa wanda ke kashe muna ɗiya na kuɗi ne, wanda ba mu sani ba shi ne kyauta?

Wallahi ban da amsa. Abin da anka koya muna a horo babu wannan ciki. Na ce mishi Baba gaskiyarka ce, Allah shi jiƙan yaro. Munka tashi.

Abin da ya ba ni mamaki, da anka zo rabon maganin zazzaɓi na damina, wanda ake ba yara wata-wata, ni ce dai na koma gidan. Shi da kansa ya jero yaran. Da zagayen ɗigo ya sake zagayowa ya ce ke ce mai maganin zazzaɓi ko? Shiga. Bai canza ra'ayi kan Turawa ba, ni ce ya sani.

Ta korona kuwa wata wahala ce daban da ba ku sani ba. Wata kwalbar ta mutum goma ce, in an buɗe sai a ƙare ta cikin awa shida ko a zubar. Sai mutum uku su zo, mu ce su jira a cika. Su zauna awa biyu a rana, biyu su gaji su tahi, ba su komowa. Na ga wanda ya zo da niyyarsa sau biyu yana komawa haka nan. A takarda an rubuta shi cikin waɗanda sunka ƙi.

Malam na Limanci: Allahu akbar. Tambayar dattijon nan ta fi duk abin da munka faɗa nauyi.

Ɗan Kabu-kabu: To ai shi ke nan. Kuma ku gaya mani, ina kuɗin korona sunka shiga? Kullum taro a otal, motoci sababbi, bokitin wanke hannu a ƙofar ofis da babu ruwa ciki. Mu anka hana mu aiki. Sannan ita AstraZeneca ɗin da anka kawo muna, ba ita ce Turawa sunka ce tana daskarar da jini ba? Ba ita ce anka janye daga kasuwa ba? Abin da sunka ƙi shi anka turo muna.

Ɗalibar Jami'a: Bari a jera abin yadda ya faru. Wadda aka fara da ita a nan ranar 29 ga Maris 2021 ta Sin ce, Sinopharm, guda dubu 400 da Sin ta bayar, kuma firaminista Brigi Rafini aka fara yi wa a gaban kyamara. AstraZeneca a Afrilu ta iso ta hanyar COVAX, shirin duniya na raba allurar korona ga ƙasashe. Maganar daskarewar jini gaskiya ce, an same ta, amma a mutum ƙalilan ƙwarai cikin miliyoyi, kuma Ingila da ita ta yi wa miliyoyin mutanenta. Danmak ta daina amfani da ita, wasu ƙasashen suka ce sai manya. A 2024 kamfanin ya janye ta, ya ce an samu sababbi da suka dace da sababbin nau'o'in cutar, ba a sayen tata. Inda nake ganin laifin namu shi ne ba a faɗa wa mutane wannan da Hausa ba. An ce lafiya lau, babu komai. Mutum ya yi, ya kwana biyu da zazzaɓi da ciwon hannu, wanda abu ne da aka sani, amma tunda ba a gaya masa ba sai ya ce an cuce shi, ya hana gidansu duka.

Inda kake da gaskiya kuma, ƙasashe masu kuɗi sun tara allurar sun hana, sai da ta kusa lalacewa suka riƙa turowa. Najeriya a Disamba 2021 sama da miliyan ɗaya ta lalata don wa'adinsu ya wuce.

Alhajin Kanti: Mu dai a lokacin tazargade munka riƙe. Har ta yi tsada a kasuwa, musamman da shugaban Madagaska ya fito da nasa ruwan na ganye. Wannan babu wanda ya ce hana haihuwa ce, har rububi ake.

Majo Mai Ritaya: Don ta gida ce Alhaji, kakarka ta turara maka ita. Amma ba a taɓa nuna tana maganin korona ba. Ni abin da nake so yaran nan su sani, akwai allurar da anka yi don mu. Sanƙarau nau'in A, wanda ya yi muna ɓarnar 1995, an ƙera mishi allura a Indiya musamman don ƙasashenmu, anka fara da Burkina da Mali da Nijar a 2010. Tun daga nan wannan nau'in kusan ya ɓace. Ku da kunka tashi bayan nan ba ku san rumfar zana cike da yara ba. Agana kuma sai dai ku ga zanenta a fuskar tsofaffi. Matsalar rigakafi ke nan, in ta yi aiki babu abin da za a nuna maka.

Mushen Lakkol: To mu koma kan tambayata, don an kusa kiran azahar. Gobe ta zo. Wa zai yi?

Uwar Biyu: In na ga ciwon da idona, ko Baba Majo ya ce mani in yi, zan yi. Saƙon waya daga ma'aikata kam a'a.

Ɗalibar Jami'a: Anti, matsalar ita ce ranar da kika gan shi da idonki wataƙila ya riga ya shiga gida. Allura tana son sati biyu kafin ta kama jiki.

Uwar Biyu: Na sani ƙanwata. Shi ya sa na sa Baba Majo a ciki.

Malam na Limanci: Ni zan yi, zan kuma faɗa a mumbari. Sharaɗina a kira mu tun ranar farko a gaya muna gaskiya, da mai daɗi da marar daɗi. Ba sai an gama yanke hukunci a Yamai a aiko muna da takardar karantawa ba.

Direban Jibiya: Ni aikina ba shi barina in ƙi. Amma wannan karon ta gaskiya zan yi, ba takarda ba. Kun ji na tona kaina ni ma.

Alhajin Kanti: Ashe muna da yawa 😂

Ɗan Kabu-kabu: Ni ban sauka daga kan bakana ba. Sai dai in Baba Majo zai zauna gabana, a buɗe kwalba ina gani, a yi mishi, sannan a ja tawa daga cikin kwalbar nan. Ba wata ba, ita.

Majo Mai Ritaya: Na yarda. Sai ka kawo mutum takwas, kwalbar ta goma ce.

Ɗan Kabu-kabu: Baba wayo za ka yi mani ke nan.

Uwar Biyu: 'Yar Rigakafi, tunda kina nan, ƙaramar tawa an yi mata ta ƙyanda ta wata tara, amma an ce akwai ta biyu, ni kuwa mun yi tafiya lokacin ban koma ba. Yanzu shekararta biyu saura kaɗan. Ta wuce ne?

'Yar Rigakafi: Ba ta wuce ba Anti, amma kar ki ƙara jinkiri, lokacin zafi ƙyanda ke tashi. Ki je inda kike awo da karnenta. Ki fara tambaya wace rana suke buɗe ta ƙyanda, ita ma ba kullum ake buɗewa ba, sai yara sun taru. Ki je da wuri kafin ƙarfe tara.

Uwar Biyu: To madalla. Ɗan Kabu-kabu, sai ka zo ka kai mu.

Ɗan Kabu-kabu: Dala hamsin ne zuwa, Hajiya. Kuma a bakin ƙofa zan tsaya.